Greenville ta yi kyau, amma wa zai iya cin abinci a cikinta?

Watan jiya Kawuna ya kawo mini ziyara. Ya zo Amurka ne a duba masa ido a wurin 'yarsa da ke Atlanta, ya ce ba zai koma gida ba sai ya ga inda nake zaune. Daga can zuwa Greenville, a jihar Karolina ta Kudu, tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a mota. Ranar Asabar da hantsi na kai shi inda kowa ke kai baƙonsa a garin nan, wato Falls Park. Muka hau gadar masu tafiya a ƙasa da ake kira Liberty, ruwan kogin Reedy yana zubowa daga kan duwatsu a ƙarƙashinmu, yara suna guje-guje a kan ciyawa. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan shi ne gari. Mutanen nan sun san abin da suke yi."

Da azahar ta yi muka yi salla, yunwa ta taso. Na ce masa yau zan kai shi inda nake cin abinci tun zuwana garin, shekara 6 ke nan. Wani ɗan ƙaramin gidan abinci ne a unguwar da ke yamma da tsakiyar gari, wata dattijuwa baƙar fata ce ke da shi. Muka isa muka tarar da ƙofa a kulle, an manna takarda a jikin gilashi, teburan duk an kwashe. Mai shagon aski na kusa ya ce an sayar da ginin, sabon mai shi ya ninka kuɗin haya, ita kuma ta ce ba za ta iya ba.

Muka koma Main Street, babban titin tsakiyar gari. Na karanta wa Kawu farashin da aka liƙa a ƙofar gidajen abinci uku a jere, yana lissafawa da yatsu, yana girgiza kai. Abin da nake ci in ƙoshi da dala 11 a wurin dattijuwar, a nan sai na ba da kusan ninkinsa uku, ban da tukwicin mai kawo abincin.

Tun ranar abin yake cina. Matsayina a kan wannan batu shi ne: garin da ya gyara tsakiyarsa da kuɗin jama'a yana da bashi a wuyansa na ƙananan masu sayar da abinci da ma'aikatan kicin, kuma Greenville ba ta gama biyan bashin ba. Ana yabon garin nan a jaridu da mujallu, shugabannin wasu garuruwa suna zuwa koyon yadda aka yi. Ina so duk mai zuwa koyo ya tambayi inda masu dafa abinci mai araha suka koma.

Yadda aka ta da garin

Dole in fara da yabo, domin sun cancanta. Greenville garin masaƙu ne, har an taɓa yi mata kirari da cibiyar saƙa ta duniya. Tsofaffi suna ba da labarin yadda kogin Reedy ke sauya launi gwargwadon rinin da masaƙu suka zubar a ranar. Da masaƙun suka fara durƙushewa, kuma manyan rukunin shaguna suka buɗe a bayan gari, McAlister Square a 1968, Haywood Mall a 1980, sai tsakiyar gari ta zama kufai. Duk wanda ya ga Kakuri a Kaduna bayan rufe masaƙu ya san irin shirun da nake nufi.

Mutumin da ya fara juya akalar shi ne Max Heller, Bayahude ɗan gudun hijira da ya tsere daga Vienna a 1938, ya zama magajin gari daga 1971 zuwa 1979. Shi ya taso a birnin da ake zama a gefen titi ana shan kofi, ya ce me zai hana a yi haka a nan. Aka rage faɗin Main Street daga layi huɗu na mota zuwa biyu, aka faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙasa, aka dasa itatuwa. A 1982 aka buɗe otal ɗin Hyatt da haɗin gwiwar hukumar gari da 'yan kasuwa. A 1990 aka buɗe Peace Center, babban zauren wasanni da kaɗe-kaɗe.

Aikin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na gada. Tun 1960 akwai wata gadar mota mai layi huɗu da aka shimfiɗa daidai kan inda ruwan ke zubowa, har wasu 'yan garin suka girma ba su san akwai irin wannan wuri a garinsu ba. Magajin gari Knox White, wanda ya hau kujerar a 1995, ya dage sai an rushe ta, mutane suna cewa ta yaya za a rushe gada lafiyayya. Aka rushe ta a 2002, aka buɗe Falls Park a 2004. Bayan nan filin wasa na Fluor Field ya zo a 2006, sai otal-otal da gidajen bene da gidajen abinci suka biyo baya kamar an buɗe famfo.

Irin wannan labarin ya faru a garuruwa da dama na kudancin ƙasar Amurka masu matsakaicin girma. Chattanooga ta koma bakin koginta ta gina gidan kallon kifaye a 1992. Durham ta mayar da tsofaffin ɗakunan ajiyar taba ofisoshi da gidajen abinci. Greenville na fi sani, shi ya sa zan tsaya a kanta.

"To so kake garin ya koma kufai?"

Wannan ce tambayar farko da abokin aikina ya yi mini a masana'antar da muke aiki. Haifaffen garin ne, ya ce lokacin yana yaro mahaifiyarsa ba ta yarda ya bi ta Main Street bayan magariba. Yanzu kuwa yana kai jikokinsa shan askirim a can da dare.

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ni ma ina jin daɗin wurin. Ba na fatan a mayar da gadar mota, ba na fatan a sare itatuwan. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake cewa shi ne, da aka zauna tsara yadda za a jawo masu kuɗi su shigo, an yi tunani mai zurfi, an kawo ƙwararru, an kashe shekaru. Da an ba wa tambayar yadda za a riƙe waɗanda suke nan tun farko ko da rabin wannan tunanin, da dattijuwar nan tana nan tana soya kifinta.

"Kasuwa ce, haka ta gada"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ita ce na fi ƙin yarda da ita.

Masu faɗin haka suna cewa gidan abinci sana'a ce mai wuya a ko'ina, wasu na buɗewa wasu na rufewa kullum. Mai gini yana da 'yancin sayar da gininsa, mai saye yana da 'yancin sa hayar da ya ga dama. Idan mutane sun fi son abinci mai tsada, to shi za a sayar. Hukuma ba ta da hurumin zaɓar wanda zai ci riba.

Sai dai hukuma ta riga ta zaɓa tun da daɗewa. Kasuwa ba ita ta rushe gada ba. Kasuwa ba ita ta rage faɗin titi ba, ba ita ta gina gine-ginen ajiye motoci da ke bayan Main Street ba. Majalisar gari ce ta yi, da kuɗin jama'a. Ginin da dattijuwar ke haya bai ƙara daraja don mai shi ya sa masa sabon rufi ba. Ya ƙara daraja ne saboda an gyara kogi, an yi lambu, an shimfiɗa hanyar keke ta Swamp Rabbit da ta bi ta kusa da unguwannin.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. A Greenville akwai haraji na kashi 2 cikin 100 a kan duk abincin da aka dafa aka sayar. Da kuɗin wannan haraji aka yi Falls Park, wanda ya ci kimanin dala miliyan 13. Harajin bai san babba ko ƙarami ba. Lebura da ya sayi faranti a wurin dattijuwar ya biya. Direban bas ya biya. Ita da kanta take tattarawa ta kai wa hukuma. Shekara da shekaru farantanta suna zuba ɗan abin da suke zubawa a asusun da aka ƙawata garin da shi, kyan garin ya ɗaga hayar shagonta, hayar ta fitar da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan an yarda hukuma ta sa hannu don a gina, ban ga dalilin da za a ce ta naɗe hannu ba idan ginin ya fara ture mutane.

Abin da ake rasawa

Wani zai ce gidan abinci ɗaya ne fa, me ya yi zafi. Bari in faɗi irin wurin da nake magana a kai, domin wanda bai zauna a kudancin ƙasar nan ba ba zai gane ba.

A nan akwai wani tsarin gidan abinci da suke kira "nama da uku". Ka shiga layi da tire a hannu, ka zaɓi nama iri ɗaya, soyayyar kaza ko kifi ko naman sa, sannan ka zaɓi abubuwa uku da za su raka shi: dafaffen ganye, wake mai baƙin ido, kuɓewa soyayya, shinkafa, dankali, taliya da cuku, sai a ɗora maka burodin masara. Ranar da na fara ganin kuɓewa da wake a wurin dattijuwar sai da na tsaya. Abincinmu ne, ya ƙetare teku tare da mutanen da aka kwaso daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, ya zauna a tukwanen jikokinsu har yau.

A zuwana na farko na tambaye ta wanne ne babu naman alade a ciki, domin a nan sukan jefa shi cikin ganye da wake. Ta dube ni ta ce, "Kai Musulmi ne, ɗana?" Na ce e. Ta nuna mini wanda zan ci da wanda zan bari. Bayan wasu watanni ta fara dafa ganyenta da naman talo-talo a ranar Juma'a, ta ce akwai mu da yawa da ke zuwa bayan masallaci. Ban roƙe ta ba.

A teburanta na ga lauya da rigar kwat yana zaune kusa da mai kwasar shara. Na ga 'yan sanda, na ga ma'aikatan jinya da suka tashi daga aikin dare, na ga tsofaffin da ba su da kowa a gida suna shafe awa biyu a kan kofin shayi mai ƙanƙara, ba wanda ya ce su tashi. Wanda ba shi da kuɗi ranar nan tana rubuta sunansa a wani littafi. A can ake jin wanda ya rasu, da inda ake ɗaukar ma'aikata, da wanda ke neman ɗan haya. Duk wanda ya san teburin mai shayi a unguwa ya san aikin da irin wannan wuri ke yi wa jama'a, aikin da ba ya fitowa a lissafin kowa.

Gidajen abincin Main Street suna da daɗi, ban musa ba, na ci a wasu. Amma sai ka yi rajistar teburi tun kafin ka zo, ka ci, ka biya, ka tashi don na bayanka. Mutanen da ke ciki kusan duk aljihunsu ɗaya ne.

Akwai kuma tarihi a nan da bai kamata a tsallake ba. A wannan garin, dokar hukuma ta taɓa haramta a ba wa baƙaƙe da farare abinci a wuri ɗaya, sai in an raba musu kwanuka da cokula, an kuma bar tazarar ƙafa 35 tsakaninsu. A watan Agusta na 1960 wasu ɗalibai baƙaƙe 10 suka zauna a teburin cin abinci na kantin Kress da ke tsakiyar gari, suka ƙi tashi, aka kama su. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta soke hukuncin da aka yanke musu a 1963. A shekarar 1960 ɗin ne kuma Jesse Jackson, ɗan asalin garin, da abokansa bakwai suka shiga ɗakin karatu na farare aka kama su.

Mutane sun shiga kurkuku don 'ya'yansu su samu zama a teburin tsakiyar garin nan. Yau doka ba ta hana kowa zama. Amma a shekarar 2000 baƙaƙen fata sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin, zuwa ƙidayar 2020 sun koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, alhali yawan jama'ar birnin ya ƙaru ya haura dubu 70. Ba na cewa wani ya zauna ya ƙulla haka. Ina cewa garin da ke da irin wannan tarihi bai kamata ya kalli waɗannan alƙaluma ya ɗaga kafaɗa ya ce kasuwa ce ba.

"Ai sabbin gidajen abincin sun samar da aiki"

Sun samar, kuma aiki ba abin rainawa ba ne. Na san 'yan'uwa 'yan Afirka da suka fara rayuwarsu a garin nan da wanke-wanke a kicin ɗin waɗannan wurare.

To amma a duba irin aikin. Jihar Karolina ta Kudu ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi tata, ta tarayya ake bi, dala 7.25 a awa, kuma ba a taɓa ta ba tun 2009. Mai kai abinci teburi kuwa doka ta yarda a biya shi dala 2.13 a awa, sauran ya cike da tukwicin da masu ci suka bari, kuma wannan adadin yana nan tun 1991. Gaskiya ne yawancin wurare yanzu suna biyan fiye da haka a kicin, domin ba za su samu ma'aikata ba in ba su ƙara ba. Duk da haka ban san mai wanke-wanke ko ɗaya da ke kwana a gidajen benen da ke kallon kogin ba.

Wani yaro da muke salla tare yana aiki a ɗaya daga cikin kicin ɗin. Yana tashi bayan sha biyun dare, lokacin bas ta daina aiki. Ɗakinsa yana can bayan gari inda haya ke da sauƙi. Kafin ya tara kuɗin tsohuwar mota, abin da yake samu a awa biyu na ƙarshen aikinsa a kuɗin motar haya yake tafiya. Yana dafa abincin da ba zai iya saye ba, a unguwar da ba zai iya kwana ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin aiki da mallaka. Dattijuwar ita ce mai shagonta. Da kuɗin shagon ta yi wa 'ya'yanta makaranta. Idan shago irin nata ya rufe aka buɗe wani na kamfanin da ke da rassa a garuruwa biyar, yawan ma'aikata zai iya ƙaruwa, amma unguwar ta rasa mutum ɗaya da ke cin gashin kansa.

"Abinci mai araha bai ɓace ba, ƙaura ya yi"

Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Idan ka bi White Horse Road ko Wade Hampton za ka tarar da ƙananan gidajen abinci na 'yan Meziko da 'yan Kolombiya da 'yan Asiya a jere cikin tsofaffin rukunin shaguna, abinci mai daɗi, farashi daidai aljihu. Kamfanonin Michelin da BMW da masu yi musu kayan aiki sun jawo mutane daga ƙasashe da yawa zuwa wannan yanki, kowa ya zo da tukunyarsa.

Amma waɗannan tituna na mota ne. Layi da yawa, motoci a guje, tsallakawa da ƙafa kasada ce. Tsohon da ke takawa zuwa shagon dattijuwar da sandarsa ba zai je can ba. Sannan abin da aka yi wa Main Street tun zamanin Heller an yi shi ne don mutum ya ajiye mota ya taka da ƙafarsa, ya zauna a inuwa, ya haɗu da jama'a. Idan wannan ni'imar ta zama ta masu iya biyan dala 30 a faranti, talaka kuma aka bar masa gefen babban titi da hayaƙin mota, to an raba gari biyu ko da ba a gina katanga ba.

Kuma ƙaurar ba ta tsaya ba. Inda masu araha suka koma yau, gobe nan ne za a ce ya yi kyau a saya.

Abin da nake so a yi

Hukumar garin ba ta yi barci gaba ɗaya ba, adalci ne in faɗa. A 2022 ta buɗe Unity Park, lambu mai faɗin eka 60 a gefen unguwar Southernside, wurin da a da aka ware wa yaran baƙaƙe ɗan filin wasa na Mayberry, aka kuma jibge musu bola da wurin ƙona shara a kusa. Da za a yi lambun, hukuma ta ware wasu filayenta na kewaye don gina gidaje masu sauƙin haya, domin ta san abin da lambu ke yi wa farashin ƙasa. Akwai kuma asusun gidaje da aka kafa don wannan manufa. Wannan ya nuna sun gane cutar.

Abin da nake nema shi ne a yi wa shago irin tunanin da aka fara yi wa gida. Hukuma tana da gine-ginen ajiye motoci da filaye a tsakiyar gari. Me zai hana a fitar da ƙananan rumfuna a ƙasansu, a ba da haya mai rahusa na shekaru masu yawa ga waɗanda suka daɗe suna sayar da abinci a unguwannin da ke kewaye? Duk lokacin da mai gina bene ya zo neman sassaucin haraji ko izinin ƙara hawa, a ce masa to, amma shago ɗaya a ƙasa zai zama ƙarami, hayarsa kuma ba za ta wuce kaza ba. Yana neman alfarma daga jama'a, jama'a ma suna da abin nema a wurinsa.

Mafi muhimmanci a ganina shi ne a taimaka wa mai shago ya sayi gininsa kafin farashi ya tashi. Ɗan haya kullum a tafin hannun wani yake. Da shekara 15 da suka wuce an ba dattijuwar rance mai sauƙi ta sayi wannan ɗan ginin, da yau tashin farashin alheri ne a gare ta, da ita ake roƙo ta sayar.

Za a ce dokar jiha ta ƙayyade abin da ake kashe harajin abinci a kai, sai abin da ya shafi yawon buɗe ido. Haka ne. To me baƙo ke zuwa nema a garin Kudu in ba abincin Kudu ba? Wanda ya taso daga New York bai zo Greenville don ya ci abin da ya baro a gida ba. Gidan "nama da uku" da ya shekara 30 yana aiki ya fi sabon allon talla jawo baƙi. Dokar ma mutane ne suka rubuta ta, kuma an taɓa gyara irinta: a 2023 majalisar jihar ta yarda a riƙa amfani da wani kaso na harajin kwanan otal wajen gina gidajen ma'aikata. Idan an iya wancan, za a iya wannan.

Sai bas. Garin da ke alfahari da gidajen abincin da ke aiki har tsakar dare ya kamata ya samar wa masu dafawa abin hawa zuwa gida a tsakar daren.

Na san wasu za su ce ni baƙo ne, ban da ta cewa. Ina biyan haraji a nan, ina biyan kashi 2 ɗin nan duk ranar da na sayi abinci, 'ya'yana a makarantun garin suke. Na rubuta wa ɗan majalisar da ke wakiltar unguwarmu, kuma zan je zaman majalisar gari na gaba da ake ba jama'a damar magana, in faɗi wannan a gabansu.

Ranar nan dai ni da Kawu a White Horse Road muka ƙare, muka ci gasasshen kifi da shinkafa a wurin wasu 'yan Meziko. Yana ci yana tambayata, "To ita baiwar Allahn nan ina ta koma?" Ban da amsa a lokacin. Bayan ya tafi na koma wurin mai aski. Ya ce ta koma gidan 'yarta a wani ƙaramin gari da ke kudu da nan, tafiyar minti 40 a mota. Manyan tukwanenta ta ba cocinsu, can take zuwa ta dafa idan an yi rasuwa. Littafin bashin kuwa, ya ce a gabansa ta yaga shi ranar da ta kwashe kaya, ta ce ta yafe wa kowa.